Kunne Ya Riga Hannu: Yadda Don Cherry da Abokansa Ke Ƙera Kiɗa Nan Take

A tsakiyar shekarun 1960 an yi wani mabushin ƙaho, baƙar fatar Amurka, da ke yawo a biranen Turai, rediyo mai gajeren zango ba ta rabuwa da shi. Ba labarai yake nema ba. Murɗa tasha yake yi har ya faɗa kan wani kiɗa, na Larabawa ne ko na Indiya ko na wani ƙauye can nesa, ya saurara, ya haddace karin. Da dare, in an hau dandamali, sai kawai a ji ya buso wannan karin ana tsakiyar wasa, bai gaya wa kowa ba, abokan kiɗansa kuma dole su cafe su bi shi. Karl Berger, Bajamushen da ya yi kiɗa a ƙungiyarsa a wancan zamani, ya sha ba da wannan labari. Sunan mabushin Don Cherry. An haife shi a Oklahoma a 1936, ya tashi a unguwar Watts ta birnin Los Angeles, ya rasu a Malaga ta ƙasar Sifen a 1995.

Wanda ya fara jin irin wannan kiɗa yakan ɗauka hayaniya ce, kowa na yin gaban kansa. Ni kuwa a ganina babu kiɗan da ya kai shi buƙatar ladabi. Makaɗin da aka rubuta masa komai a takarda zai iya kammala wasa lafiya ko da hankalinsa na gida. Wanda ya hau dandamali babu takarda, babu tsarin da aka yi bitarsa, ga kuma kayan kiɗa daga nahiyoyi uku da ba a ƙera su don su haɗu ba, in ya ɗauke kunnensa na daƙiƙa biyu, wasan ya bar shi a baya.

Cherry ya koyi wannan ladabi ne a hannun Ornette Coleman. A kiɗan jaz na kafin 1959, in an ɗauki waƙa akwai jerin matakan sauti da aka riga aka shimfiɗa, galibi gaɓa 12 ko 32, mai fiyano yana danna su bi da bi, kowane mabushi kuma yana ƙirƙirar nasa a kansu har zagayen ya ƙare a sake. 'Yanci ne, amma mai shinge. Coleman ya cire fiyano, ya cire shingen. A watan Nuwamba na 1959 ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta fara wasa a wani gidan kiɗa na New York mai suna Five Spot: shi da saksofon ɗinsa na roba, Cherry da ɗan guntun ƙahonsa, Charlie Haden da babbar garayar nan ta Turawa da ake tsayarwa a ƙasa, Billy Higgins a kan ganguna. Sukan fara da kari ɗaya tare, daga nan sai kowa ya bi inda karin ya nufa. In Coleman ya karkata zuwa wani mataki, Haden zai ji ya karkata tare da shi a wannan numfashin. Manyan makaɗan birnin suka rabu biyu, wasu suka ce sabuwar duniya ce, wasu suka ce shirme ne.

Wannan cire shinge shi ya buɗe wa Cherry ƙofar kiɗan gargajiya, kuma dalilin na cikin kayan kiɗan kansu. Yawancin kayan gargajiya ba sa sauya mazauni. An ɗaure tsirkiyarsu a kan 'yan matakai, a nan za su zauna har a tashi. In ka sa su cikin waƙar jaz da ke sauya mataki kowace gaɓa, za su yi ta karo da fiyano, daga ƙarshe su koma ado kawai, a kaɗa su kaɗan a farko don a ji ƙanshin wata ƙasa, a ajiye. Mutumin da ya riga ya saba bin kari ba tare da jerin matakai ba, shi ne zai iya barin kayan gargajiyar ya kafa doka, ƙaho ya bi.

Mu duba kayan da Cherry ya fi shaƙuwa da shi bayan ƙaho, wato donso ngoni, garayar mafarautan yankin Wasulu a kudancin Mali. Ƙatuwar ƙwarya ce da aka rufe da fata, da dogon wuya na itace, da tsirkiya shida a jere biyu. A ƙarshen wuyan akwai fallen ƙarfe mai ƙananan zobba, duk tsirkiyar da aka taɓa sai ya yi zuzu. Da babban yatsa da manuni ake kaɗa ta, kuma a kan matakan sauti biyar take tafiya. Cherry ya san ta ne ta hanyar Christer Bothén, wani makaɗi ɗan ƙasar Suwidin da ya je Mali ya zauna ya koya a wurin masu ita. Abin da mai donso ngoni ke yi shi ne ya kafa gajeren zagaye, ya maimaita, ya maimaita, yana ɗan sauya nauyin yatsa, yana danne wata tsirkiyar don ta ba da amo busasshe kamar bugun ganga. Wannan zagaye shi ne ƙasar da kowa zai taka. Cherry yakan zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya kafa zagayen, ya ɗora murya a kai, sannan in wani ya karɓi nauyin bugun sai ya ajiye garayar ya ɗauki ƙaho.

Ajiyewar nan kanta fasaha ce da ido ba ya lura da ita. In mai riƙe da zagaye ya saki kafin wani ya karɓa, kiɗan zai faɗi. Babu wanda zai ce "karɓi". Abokin wasa ne zai lura cewa hannun ya fara sassautawa, ko an rage tsirkiya biyu daga zagayen, ya gane ana shirin miƙa masa, ya shigo da nasa kayan a kan bugun da ake ciki. Mai sauraro sai dai ya farga cewa garaya ta daɗe da yin shiru, amma jikinsa bai daina kaɗawa ba.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. An san marigayi Alhaji Mamman Shata da cewa ba ya zama ya tsara waƙa kafin ya fito, a fili yake ƙera ta, gwargwadon wanda ke gabansa. Abin da ya ba shi damar haka shi ne masu kalangu da 'yan amshi da suka riƙe masa ƙasa ba girgiza, kuma suka san daga numfashinsa lokacin da zai kai gaɓa. Bambancin shi ne, a wurin Shata an san jagora, an san mabiya. A wasan su Cherry jagorancin yawo yake yi. Wanda ke amshi yanzu, nan da minti ɗaya shi ke ja.

Inda wannan gwaninta ta kai ƙololuwa, a nawa kunnen, ita ce ƙungiyar Codona, ta mutum uku: Collin Walcott, Don Cherry da Naná Vasconcelos. Sun yi faifai uku da kamfanin ECM na Jamus, waɗanda aka ɗauka a 1978 da 1980 da 1982, suka kuma zaga suna wasa a gaban jama'a. Walcott ɗan New York ne, an haife shi a 1945, ya karanci kiɗa a jami'a, sannan ya durƙusa a gaban Ravi Shankar ya koyi sitar, garayar Indiya, ya koyi gangunan tabla a wurin Alla Rakha. Vasconcelos kuwa ɗan Recife ne a arewa maso gabashin Barazil, haihuwar 1944, kuma kayansa berimbau.

Berimbau ya cancanci a tsaya a kansa, domin ban san wani kayan kiɗa da ya fi shi ƙarancin kaya da yawan magana ba. Baka ne irin na maharba, dogon itace da aka lanƙwasa aka ɗaura masa waya guda ɗaya, wadda galibi daga cikin tsohuwar tayar mota ake zaro ta. A ƙasan bakan an ɗaure ƙoƙon duma, bakinsa na fuskantar cikin makaɗi. Hannun hagu na riƙe da bakan da ɗan dutse ko kwabo. Hannun dama na riƙe da siririn tsinke da ɗan kwandon caki mai tsaba a ciki. In aka bugi wayar a sake, ta ba da sauti na ƙasa. In aka danna dutsen a jikinta da ƙarfi, sautin ya ɗaga. In aka jingina shi sama-sama, sai ta yi zuzu. Iyakarsa ke nan: biyu da zuzu. Sai kuma ƙoƙon, wanda in an manna shi a ciki amon ya toshe, in an janye ya buɗe, har ka ji kamar bakin mutum na buɗewa yana rufewa. Asalin kayan daga yankin Angola ne, bayin da aka kai Barazil suka tafi da iliminsa, can ya zama jagoran kafuwera, wasan faɗa da rawa na jihar Bahiya. Vasconcelos ya fitar da shi daga da'irar wasan ya mai da shi kayan da mutum zai tsaya shi kaɗai a dandamali ya riƙe jama'a da shi. Yakan bugi wayar, ya bugi itacen, ya bugi ƙoƙon, ya goga tsinken, ya haɗa da muryarsa, da huci, da dariya, da dukan ƙirji.

To, ga matsalar da mutum ukun nan ke warwarewa kowane dare. Berimbau na da sauti biyu. Donso ngoni na da biyar. Sitar na da mazauni guda da aka ɗaure ta a kai, da tarin siraran tsirkiyoyi a ƙarƙashi waɗanda ba a taɓa su, su ke amsawa da kansu in an bugi sautin da ya dace da su. Ƙaho kuwa an ƙera shi ne don matakai 12 na kiɗan Turawa. Matakan Mali da na Indiya da na Turai ba su faɗa wuri ɗaya daidai ba, akwai ɗan tazara da kunne ke ji kamar tsami. Ba za a lanƙwasa dutsen berimbau ba, ba za a sake ɗaure sitar ana cikin wasa ba. Saboda haka mai ƙaho ne zai sauko. Cherry yakan sassauta leɓe ya rage sautin kaɗan, ko ya danna madanni rabi don amon ya shaƙe ya zame tsakanin mataki da mataki. Ƙahon nasa, wanda ake kira na aljihu, tsawon bututunsa ɗaya ne da na kowane ƙaho, an dai naɗe shi ne ya dunƙule. Masu sukarsa sun ce busarsa ba ta da tsafta, tana tsagewa, tana kaucewa. Gaskiya ne tana tsagewa. Amma mabushin da ya nace sai kowane sauti ya fito sumul kamar na fareti ba zai taɓa zama inuwa ɗaya da berimbau ba.

Bugu ma haka. Ɗauki zagaye mai bugu 12, wanda ya cika kiɗan Afirka ta Yamma. Za ka iya jin sa huɗu-huɗu sau uku, ko uku-uku sau huɗu, ko biyu-biyu sau shida. Mai garaya na iya tafiya a kan huɗu, mai berimbau a kan uku, su rabu su sake haɗuwa a bugun farko. Gwani yakan riƙe lissafin biyu a jikinsa lokaci ɗaya, ƙafa na bin ɗaya, hannu na bin ɗaya, don in abokinsa ya tsallaka ɗaya gefen kada ya ɗauka an ɓata ne. Walcott ya zo da nasa lissafin na Indiya, inda zagaye kan kai bugu 16 ko 10 ko 7. Ya kuma zo da wata dabara ta masu tabla da ake kira tihai: a maimaita gajeren salo sau uku, a auna shi yadda bugun ƙarshe na maimaici na uku zai sauka daidai kan bugun farko na zagaye. Duk wanda ya san ta, da ya ji maimaici na biyu ya san inda za a sauka, ya san kuma saura bugu nawa. Ta haka mutum uku da ba su yi shawara ba sukan tsaya cak tare, 'yan kallo su rantse an yi bita.

Ba a yi bita ba, amma an yi shiri, shiri na shekaru. Nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Ƙirƙira nan take ba daga iska take fitowa ba, daga rumbu take fitowa, kuma rumbun Cherry cike yake. A 1968, lokacin bikin jaz na Berlin, ya yi aiki da ƙarafan gamelan na Indunusiya. A watan Agusta na 1969 a Paris shi da Ed Blackwell, makaɗin ganguna ɗan New Orleans, suka ɗauki faifan Mu su biyu kacal, Cherry na sauyawa daga ƙaho zuwa sarewar gora zuwa fiyano zuwa murya. A ƙarshen wannan shekara yana Ankara tare da Okay Temiz da wasu makaɗan Turkiyya, suna busa waƙoƙin gargajiyar ƙasar, inda ake da bugu irin mai tara da ake rabawa biyu, biyu, biyu, uku, har ka ji kamar tafiyar mai ɗingishi. Ya koyi rera waƙar Indiya a wurin Pandit Pran Nath. Duk wannan da kunne ya ɗauka, da kunne kuma yake koyar da shi: ya rera maka, ka rera masa, har ya zauna. Karin da aka koya ta haka ba ya ɓacewa in fitila ta mutu ko iska ta kwashe takarda. Yana nan a baki, ana iya jawo shi a kowane lokaci, a rage masa gudu, a yanke shi biyu, a ɗora shi kan bugun wata ƙasa.

Akwai kuma abin da rumbu ba ya bayarwa, wato sanin lokacin da za a yi shiru. Mutum uku masu kaya fiye da goma a shimfiɗe a gabansu, jarabar ita ce kowa ya nuna duk abin da ya iya. A faifan Codona za ka ji an daɗe kaya biyu ne kawai ke magana, na ukun yana jira. Za ka ji Cherry ya busa ɗan gajeren kari ya tsaya, ya bar tsirkiyoyin sitar su gama amsawa kafin ya ƙara. In ɗaya ya yi tuntuɓe ya fitar da sautin da bai yi niyya ba, ba a gudunsa. Shi ko wani zai maimaita shi, ya sake maimaitawa, har ya zama ɓangaren zagayen, kiɗan ya juya ta wajen.

Cherry bai ɗauki dandamali a matsayin wurin da ya rabu da gida ba. Shi da matarsa Moki, mai zane da ɗinki 'yar Suwidin, sun zauna a wata tsohuwar makaranta a ƙauyen Tågarp, ta ɗinka manyan zannuwa masu launi da ake ratayawa a bayan makaɗa, ita kuma ta zauna tana kaɗa tambura, kayan Indiya da ke riƙe sauti ɗaya ba yankewa. A 1971 iyalin suka tare a wata rumfa mai siffar ƙubba a harabar gidan adana kayan fasaha na Moderna Museet a Stockholm, suka shafe makonni suna kiɗa kullum da duk wanda ya shigo, yara da manya. A 1972 suka kai irin wannan wasa bikin Chateauvallon a kudancin Faransa, Vasconcelos da Bothén na cikin tawagar, kuma sai a 2021 aka fitar da sautin wannan dare a faifai. Shigo da yara da 'yan kallo cikin wasa yana ƙara wa gwani aiki, domin yanzu dole ya riƙe ƙasa ga mutanen da ba su san lissafi ba. Vasconcelos ya shahara da wannan har ƙarshen rayuwarsa a 2016: yakan raba zauren gida-gida, ya ba kowane ɓangare sautinsa, da hannu kawai ya sa ɗaruruwan mutane su fitar da amon ruwan sama da na kogi.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Donso ngoni kayan ƙungiyar mafarauta ne, yana da hurumi da ƙa'idojin wanda zai taɓa shi. Hurumin nan ne ya sa samarin Wasulu suka ƙera tasu ƙaramar, kamale ngoni, wadda duniya ta sani a waƙoƙin Oumou Sangaré. Mai garayar mafarauta na gaske, wanda ya haddace kirarin mazan jiya da tarihin dawa, zai ji kaɗawar Cherry a matsayin ta ɗan koyo, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da zan ce a nan shi ne a duba wa ya rusuna wa wa. An yi faifai da yawa a Turai da Amurka inda aka ɗauko kayan Afirka ko na Asiya aka liƙa a kan kiɗan da ya riga ya kammala. A wurin Cherry garayar ce ke zaɓar matakai, ita ke kafa bugu, ƙahon da ya yi suna da shi ne ke lanƙwasa. Kuma ya zauna da masu abin. A 1978 ya shiga faifan Mandingo Griot Society, ƙungiyar da Foday Musa Suso, mai kora ɗan Gambiya kuma ɗan gadon waƙa, ya kafa a Chicago tare da wani matashin makaɗin ganguna, Adam Rudolph.

Ta wajen Rudolph ɗin nan ne zaren ya biyo ta ƙasar Hausa. Yusef Lateef, mabushin saksofon da sarewa, Musulmi, wanda aka haifa a 1920, ya riga Cherry fara shigo da kayan busa na Gabas cikin jaz tun shekarun 1950. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi nazarin sarewar Fulani, ya ɗauki faifai da makaɗan Nijeriya a 1983, kuma shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Bayan ya koma Amurka ya shafe fiye da shekara ashirin yana wasa da Rudolph, sau da yawa su biyu kawai a dandamali, da sarewa iri-iri da ganguna, babu takarda. Ya ci gaba da hakan har ya haura shekara 90, ya rasu a 2013.

Codona kuwa ba ta yi tsawon rai ba. A watan Nuwamba na 1984 Walcott ya rasu a hatsarin mota a Jamus ta Gabas, yana kan rangadi da ɗaya ƙungiyarsa, Oregon, yana da shekara 39. Cherry da Vasconcelos sun ci gaba da haɗuwa a wasu ayyuka, amma ba su ɗauko wani mai sitar suka ci gaba da sunan ba. ECM ta sake fitar da faifan nan uku a haɗe, ana kuma samun su a intanet. Wanda zai saurara, ya zaɓi kaya ɗaya, berimbau misali, ya bi shi daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, ya lura da wanda yake amsa wa da lokacin da yake ja da baya. Sannan ya mayar da waƙar farko ya bi ƙaho.